Na ɓoye wa Baba makin da na ci a jarrabawar SAT

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 17, ina aji 11 a wata makarantar sakandare a Amurka. Shekararmu huɗu ke nan da zuwa ƙasar. A watan Maris na zauna jarrabawar SAT, wato ta neman shiga jami'a, karo na farko, na samu maki 1090, wato 500 a Turanci da 590 a lissafi. Wallahi Anti na yi karatu. Tun watan Disamba ba na kwanciya sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. Na yi jarrabawar gwaji har sau biyar, kuma kowacce tsakanin 1050 da 1120 take tsayawa. Da na gama na ga makin sai in rufe kwamfutar, ba na ma iya duba waɗanda na faɗi, don raina ɓaci yake yi.

Babbar damuwata Baba ce. Ɗan wansa ya ci 1480 bara, tun daga ranar ba shi da magana sai ni ma zan kai nan ko in wuce, domin burinsa in zama likita. Aiki biyu yake yi saboda mu. Yau sati huɗu da fitowar sakamako, amma duk sanda ya tambaya sai in ce ba a sake ba tukuna. Mama ta sani. Ta ce in yi shiru in sake zama a watan Yuni, idan ya yi kyau sai a nuna masa wancan. Ni kuwa ko haɗa ido da shi ba na iya yi. Wani lokaci sai in ga kamar ni dai ba ni da ƙwaƙwalwa. Don Allah ki ba ni shawara.

'Yarki a Amurka

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a karo na biyu wuri ɗaya ne ya tsayar da ni: inda kika ce kina ganin maki sai ki rufe kwamfuta. Ina ganin ciwon naki duka a nan yake. Abin da kike yi wa jarrabawar gwaji shi ne kike yi wa Baba. Wani abu ya faru, ya yi miki zafi, sai ki kau da kai ki ƙara ƙaimi a wani wurin, da fatan gobe za ta shafe jiya. Ban ga laifinki ba, manya ma haka muke yi. Amma muddin ba ki juyo kin kalli abin ba, ko wata goma za ki ƙara kina raba dare, a kusa da 1100 za ki ci gaba da yawo.

Maganar ba ki da ƙwaƙwalwa kuwa, ki bar ta tun daga yau. Matsakaicin makin ɗaliban da suka gama sakandare a 2024 suka zauna wannan jarrabawa 1024 ne, kuma yawancinsu da Turanci suka buɗi baki. Ke da kika shigo ƙasar shekara huɗu da suka wuce, kika zauna karon farko cikin rashin barci, kin wuce wannan. Ba ina cewa makin ya ishe ki ba ne, tunda kina son fiye da haka kuma kina da damar samu. Ina dai so ki san inda kike tsaye da gaske, domin wanda ya ɗauka a rami yake alhali a kan tudu yake, ba zai san ta inda zai ɗaga ƙafa ba.

Tunda likita ake so ki zama, bari in yi miki misali da asibiti. A ce mara lafiya ya je an ɗebi jininsa sau biyar, kowane karo aka miƙo masa takarda sai ya dubi layin farko, ransa ya ɓaci, ya cusa ta a aljihu ya tafi. Bai nuna wa likita ba, bai sha magani ba, sai bayan sati uku ya sake komawa a ɗebi wani jinin. Me zai canza? Jarrabawar gwaji awo ce kawai. Sa'a biyu da minti 14 da kike yi a kanta ba sa ƙara miki komai sai sabo da zaman. Ƙaruwar tana cikin sa'o'in da ke biyo baya, lokacin da za ki bi tambayoyin da kika faɗi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ba ki taɓa yi ba. Abin farin ciki shi ne aikin bai ɓace ba. Duk gwajin da kika yi a Bluebook, manhajar da ake zaman jarrabawar a cikinta, yana nan a ajiye a shafinki na College Board, hukumar da ke shirya SAT, da amsar da kika zaɓa, da amsar da ta dace, da bayanin dalili. Gwaji biyar, kowanne tambaya 98. A cikinsu akwai tarin kurakuranki na kanki, waɗanda babu littafin da za ki saya ya nuna miki su.

Ki nemi littafin rubutu sabo, na takarda, ki keɓe shi don wannan aikin. Ki buɗe gwajin farko, ki ɗauki tambayar da kika faɗi, amma kada ki yi saurin karanta bayanin. Ki sake gwada ta tukuna ba tare da agogo ba. Idan kin ci a wannan karon, to kin san abin, wani dalili ne ya kayar da ke a ranar, kuma dole ki gano shi ki rubuta. Idan kin sake faɗi, to darasi ne da ba ki iya ba, sai ki rubuta sunansa. Ga irin abin da nake nufi. A ce an ba ki 3x + 6 = 21, aka ce ki nemo x + 2. Kin yi aikinki tsaf, kin samu x daidai yake da 5, kin ɗaga kai kin ga 5 a cikin zaɓin, hannunki ya danna kin wuce. Amsar 7 ce. Masu shirya tambayar sun san ɗalibi mai gaggawa a 5 zai tsaya, shi ya sa suka ajiye masa ita. A littafinki ba za ki rubuta "ban iya aljabara ba", domin ƙarya ce, kin iya. Za ki rubuta "na amsa abin da ba a tambaya ba", kuma maganinsa shi ne kafin ki danna kowace amsa ki koma ki karanta ƙarshen tambayar. Wata kuma a ce adadi ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, sannan ya ragu da kashi 20 cikin 100, ke kika ce ya koma yadda yake. Wannan kam gyaran fahimta yake buƙata: 100 ya zama 120, kashi 20 na 120 kuwa 24 ne, saura 96. Kurakuran nan biyu duk ja ɗaya kwamfuta za ta sa musu, amma maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba za ki bambance su ba sai kin zauna da su.

Bayan sati biyu kina wannan aikin, ki koma farkon littafin ki karanta. Na koyar shekaru da dama, kuma ban taɓa ganin ɗalibin da kurakuransa suka watsu ko'ina daidai wa daida ba. Kullum taruwa suke yi a wurare huɗu ko biyar. Ranar da kika ga naki a rubuce da hannunki, dodon nan da kike kira SAT zai koma jerin darussa da ake iya ƙirgawa da yatsu. Daga nan ne karatu yake farawa. Khan Academy, wata makarantar intanet wadda ta haɗa hannu da College Board tun 2015, ta jera darussan jarrabawar kyauta, kowanne da atisayensa daga mai sauƙi zuwa mai wuya, sannan College Board ɗin tana da rumbun tambayoyi da za ki iya tacewa ki fitar da irin wanda yake ba ki wahala kaɗai. Ban ga dalilin da zai sa Baba ya ƙara wa kansa nauyin kuɗin malamin gida ba kafin ki cinye waɗannan.

Yanzu ga Turancin, inda makinki ya fi ƙasa, kuma inda nake ganin za ki fi saurin tashi. Sashen yana da tambaya 54, an raba shi zango biyu, kowanne tambaya 27 cikin minti 32, wato minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ga kowace tambaya. Ba a jera su barkatai ba. Ana farawa da ma'anar kalma a cikin jimla da tsarin rubutu, a shiga tambayoyin fahimta da kafa hujja, sannan can wajen ƙarshe a zo kan ƙa'idojin rubutu da kalmomin haɗa zance. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sashen ƙa'idojin rubutu ne zalla: ina waƙafi yake zama, yaushe ake sa aya ko waƙafi mai ruwa tsakanin cikakkun jimloli biyu, me ruwa biyu yake gabatarwa, yaya aikatau yake bin mai aikinsa ko da an jibga kalmomi goma a tsakaninsu. Dokokin nan ba su da yawa, ba sa canzawa, kuma ɗalibin da ya koyi Turanci a aji sau da yawa ya fi wanda aka haifa da shi saurin riƙe su, don shi wancan da kunne yake aunawa. To ki lura da abin da yake faruwa ga mai karatu a hankali: sai ta ƙarar da lokacinta tana kokawa da wani rubutu mai sarƙaƙiya a tsakiyar zango, ta iso kan tambayoyin da za ta iya ci cikin daƙiƙa 30 saura minti uku. Ki duba littafinki. Idan jan ya taru a ƙarshen zango, to haka yake faruwa da ke. Manhajar tana ba ki damar tsallakawa da komowa a cikin zango ɗaya, don haka a gwaji na gaba ki jarraba farawa da tambayoyin ƙa'ida, ki kwashe su da nutsuwa, sannan ki dawo kan masu cin lokaci.

Ɓangaren fahimta shi ba ya jin gaggawa. Abin da yake so shi ne ki saba da rubutu mai nauyi, kuma wannan sai da karatu kullum. Rabin sa'a a rana ya isa: sharhin jarida mai kyau, labarin kimiyya, tarihi, wani lokaci tsohon adabi. Duk sakin layin da kika gama, ki ɗaga kai ki faɗa wa kanki abin da marubucin yake nufi a jimla ɗaya, da Hausa ma in kin so. Idan kin kasa, ba ki fahimta ba tukuna, ki koma. Rubuce-rubucen jarrabawar yanzu gajeru ne, ba sa wuce kalma 150, kowanne da tambayarsa guda, kuma amsar tana cikin rubutun. Duk zaɓin da ya faɗi abin da ya fi ƙarfin abin da aka rubuta, ko da gaskiya ne a duniya, ki yi hattara da shi.

Lissafi ba zan daɗe a kansa ba, 590 ya nuna kina da tushe. Kusan kashi 70 cikin 100 na tambayoyin 44 aljabara ce da abin da ya ginu a kanta, don haka can za ki sa ƙarfi. Ki kuma koyi amfani da Desmos, na'urar lissafin da ke cikin manhajar, wadda aka yarda a yi aiki da ita daga farkon sashen har ƙarshe. Tambayar da za ta ci miki minti uku da biro, sau da yawa in kika zana layukan biyu a Desmos kika ga inda suka haɗu, an gama. Kuma kada ki taɓa barin tambaya babu amsa, a lissafi ko a Turanci. Tun 2016 aka daina rage maki saboda amsar da ba daidai ba, don haka idan lokaci ya ƙure ki cinta.

Akwai abu ɗaya game da tsarin jarrabawar da ya kamata ki riƙe. Tun da aka mayar da ita kan kwamfuta, a Amurka daga Maris na 2024, zango na biyu ya danganta ne da abin da kika yi a na farko. Wanda ya yi ƙoƙari a zangon farko sai a ba shi na biyu mai wuya, kuma ta nan ne ake kaiwa ga manyan maki. Wanda ya yi tuntuɓe da yawa sai a ba shi mai sauƙi, wanda makinsa yake da iyaka. Ma'ana, kuskuren ganganci a minti 30 na farko yana da tsada. Wannan ne ya kawo ni kan barcinki.

'Yata, ƙarfe biyun dare ɗin nan ki daina. Likitocin yara sun ce mai shekarunki tana buƙatar barcin sa'a 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Ita jarrabawar da safe ake yi, ƙarfe takwas an rufe ƙofa, ke kuwa wata huɗu kina koya wa kanki farkawa da tsakar dare da gyangyaɗi da hantsi. Na kuma san irin karatun da ake yi a wannan lokacin: ido yana bin layi, hannu yana ja da alƙalami mai launi, zuciya tana samun sauƙi don an ga ana wahala. A 2006 wasu masana biyu a Jami'ar Washington da ke St. Louis, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su koya. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta sau ɗaya aka riƙa sa su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan sati ɗaya labari ya juya: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin 100, waɗanda aka yi ta gwadawa kuwa 61. Maimaita karatu yana da daɗi don yana sa mutum ya ji kamar ya iya. Rufe littafi a tambayi kai yana da ɗaci, amma shi ne yake zama. Sa'a ɗaya da rana, kwana biyar a sati, kina warware tambayoyi kina rubuta kurakurai, ta fi miki waɗancan darare. Sannan ki tuna makin ajinki na wannan shekarar, aji 11, yana daga cikin abin da jami'o'i suka fi dubawa. Idan raba daren yana sa ki barci a aji, to kina rushe ɗaki ne don ki gina katanga.

Kada ki zauna a Yuni. Sati nawa ya rage, ga jarrabawar ƙarshen shekara a tsakani? Za ki shiga ne da kurakuran nan dai da kika shiga da su a Maris. Ki yi rajistar Agusta, ki samu hutun bazara gaba ɗaya, ki bar Oktoba a matsayin ta ko-ta-kwana, tunda masu neman gurbi da wuri a Nuwamba suke miƙa takardu, sauran kuma wajen farkon Janairu. Gwaje-gwajen da suka rage miki a Bluebook ki yi tattalinsu, ɗaya duk bayan sati uku, ranar Asabar da safe, a kan tebur, waya a wani ɗaki, da hutun minti goma a tsakiya kamar yadda za a yi a ranar. Jami'o'i da yawa suna haɗa mafi kyawun makinki na Turanci da mafi kyawun na lissafi ko da ba rana ɗaya kika ci su ba, don haka zaman Maris bai tafi a banza ba. Ki kuma je wurin malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantarku ki tambaye ta ko kin cancanci a yafe miki kuɗin rajista. Ɗaliban aji 11 da 12 da iyayensu ba su da ƙarfi sosai ana ba su zama biyu kyauta, har da yafe kuɗin neman gurbi a jami'o'i da dama. Babu abin kunya a ciki, don irinku aka tanade shi. Idan kin ga dama ki gwada ACT, wata jarrabawar shiga jami'a irin SAT, sau ɗaya a gida, jami'o'i suna karɓar kowacce, kuma akwai ɗaliban da ta fi kwanta musu. Amma in kin zaɓi ɗaya ki tsaya a kanta.

Ba zan yi miki alkawarin 1480 ba. Tashi daga 1090 zuwa can cikin wata huɗu ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya ba ki tabbaci a kai, wani abu yake son sayar miki. Abin da zan tambaye ki shi ne: wa ya ce 1480 kike buƙata? Makin ɗan'uwanki nasa ne, ya kai shi inda ya kai shi. Ke ki rubuta jami'o'i shida ko takwas da kike so kuma gidanku zai iya ɗauka, ki duba abin da kowacce take wallafawa duk shekara game da makin ɗaliban da ta ɗauka, musamman na rabin da ke tsakiya. Wannan ne ma'auninki. Za ki tarar ba bakinsu ɗaya ba. MIT ta dawo da wajabta jarrabawar a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka biyo baya a 2024. Jami'ar California kuwa, da duk rassanta irin su Berkeley da UCLA, ba ta ma duba SAT wajen ɗaukar ɗalibai. A tsakani akwai ɗaruruwa da suka bar wa ɗalibi zaɓi, ya aika ko ya bari. Tunda dokokin suna canzawa, ki duba shafin kowacce da kanki.

Akwai kuma abin da nake zaton Baba bai sani ba, kuma saninsa zai sauke masa nauyi. A Amurka, in ban da wasu 'yan tsirarun tsare-tsare na musamman, ba daga sakandare ake shiga karatun likita ba. Sai an yi digirin farko na shekara huɗu, an ci darussan kimiyya da kyau, an zauna wata jarrabawa daban mai suna MCAT, sannan a nemi makarantar likitanci. Akwai likitoci da yawa da suka fito daga jami'o'in jiha da ba kowa ya san sunansu ba, wasu ma da kwalejin shekara biyu suka fara. Makin Maris bai rufe miki wannan ƙofar ba, ko kusa.

To, mu zo kan Baban. Ina girmama Mamanki, kuma na san tausayi ne ya sa ta ce ki yi shiru, tana son ta kare ku duka biyu. Amma ban goyi bayan shawarar ba. Sakamakon SAT kimanin sati biyu yake ɗauka, kuma wan Baba ya san haka tunda ɗansa ya zauna bara. Hira ɗaya a waya ta isa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, 'yata, kuma gara ya ji daga bakinki da ya ji a bakin ɗan'uwansa ya rasa abin cewa. Ni ma ina yarinya na taɓa ɓoye takardar sakamako kwana tara a tsakiyar wani littafi. Ranar da na miƙa wa mahaifina, ya sa tabarau, ya dubi makin sau ɗaya, sannan idonsa ya sauka kan kwanan watan da ke ƙasan takardar. A nan ya daɗe. Bai yi min faɗa ba, ya dai ce, "Ashe tsorona kike ji haka?" Ya ninke takardar ya ba ni. Har yau na manta makin da ke ciki, amma ban manta muryarsa ba.

Ki fara da Mama. Ki ce mata kin kasa ɗaukar abin, kina so ki faɗa, kuma kina roƙon ta zauna tare da ku. Kada ki tare shi a bakin ƙofa ya dawo aiki a gajiye. Ki bari ranar hutunsa, ya huta, hankalinsa ya kwanta. Ki zauna ƙasa kusa da shi, ki fara da laifin da yake naki, kada ki cakuɗa shi da maki: "Baba, ina neman gafararka. Sakamako ya fito tun sati huɗu, na ce maka bai fito ba don ina tsoron kada in ba ka kunya." Sannan ki faɗi makin, ki yi shiru. Wataƙila ransa ya ɓaci, wataƙila ya ambaci ɗan wansa, wataƙila ya tashi ya shiga ɗaki. Ki bar shi, kada ki kare kanki a ranar, kuma kada ki sa sunan Mama a cikin laifin. Mutumin da yake aiki biyu saboda 'ya'yansa ya ɗora begensa ne a kan lamba ɗaya don ita ce kaɗai abin da aka nuna masa a tsarin da bai tashi a cikinsa ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ki kawo masa littafin kurakuranki, da jerin jami'o'in, da ranar Agusta. Ki roƙe shi ya raka ki wurin malamar shawara ya ji bayanin hanyar likitanci da kunnensa, don wani zancen ya fi shiga idan ya fito daga bakin babba. Ki kuma ba shi aiki a cikin shirin: ranar da za ki yi gwaji, shi zai karɓi wayarki ya hana ƙannenki hayaniya, in kin gama ku buɗe makin tare. Uba ya fi samun nutsuwa idan hannunsa yana cikin abin, a kan a bar shi a waje yana jira.

Idan bayan duk wannan kika ga faɗuwar gaban ba ta raguwa, barci ya ƙi zuwa ko da kin kwanta da wuri, ko kuka yana zuwa miki haka kawai, ki gaya wa Mama da malamar shawara, a kai ki ki ga likita. Kada ki haɗiye wannan ma.

Yau da daddare ga abin da nake so ki yi. Ki buɗe gwajinki na farko, wanda kika yi a Disamba, ki ɗauki tambaya goma kacal daga waɗanda kika faɗi, ki bi su yadda na faɗa miki. Ranki zai ɓaci a ta farko da ta biyu, ki daure ki kai ta goma. Ƙarfe goma da rabi ki kashe fitila. Gobe da safe ki samu Mama. Allah ya ba ki sa'a, ya sanyaya zuciyar Baba, kuma ki sake rubuto min bayan kun yi maganar, ina son in ji yadda kuka ƙare.

Antinki